Ranar da Tsutsar Clorinda Ta Nutse

Clorinda Antileo 'yar kawuna ce, taubashiyata ke nan, don haka duk abin da zan faɗa a kanta ba ta da inda za ta kai ƙarata. Ta girme ni da shekara uku, amma in ka tambaye ta sai ta ce wata uku ne. Gajeriya ce ƙwarai, in ta hau doki sai dokin ya waiwayo ya duba ko da gaske an hau shi. Muryarta kuwa, in ta tsaya a ƙofar gidanta a bakin kogin Malleo ta kira kajinta, kajin da ke Chile ma sai sun ɗaga kai.

A bukkar makiyaya aka haife ta, can gindin dutsen Lanín, shekarar da ƙanƙara ta binne tumakin kawu ba ka ganin komai sai kunnuwa. Uwarta masaƙiya ce, ita ta koya mata kaɗi da rini tun tana 'yar shekara bakwai. Tare muka shiga makaranta. Ita ta kai aji biyar, ni na tsaya a huɗu, don malamin ya ce abin da ya rage ko da guduma ba zai shiga ba. Da ta kai sha tara ta sauka garin Junín, ta kama aikin shara a wani masauki inda masu zuwa kamun kifin turuca ke sauka.

Akwai wani tsohon likitan haƙori daga Buenos Aires da ke zuwa gidan duk shekara. In an gama cin abincin rana sai ya baje gashin zakara da zare a kan tebur, ya maƙale ƙugiya a bakin wani ɗan ƙarfe, ya yi ta naɗe-naɗe har ƙugiyar ta koma ƙwaron ƙarya na yaudarar kifi. Clorinda na shara tana satar kallo. Abin da ya faɗo ƙasa ba juji take kai shi ba, aljihunta take kai shi. Wata rana tsohon ya zauna a kan tabaransa ya murƙushe shi, ya kasa ganin ko bakin zaren, yana ta faɗa shi kaɗai. Ta jingine tsintsiya ta ce, "Ranka ya daɗe, in ba za ka ji haushi ba, ƙafafun farar nan da kake ɗaurawa sun yi tsawo. Farar garin nan ba ta da irin wannan ƙafa."

Ya ce to, tunda ta fi shi sanin fara, ta zauna ta nuna masa. Ta zauna. Da yamma ya dawo daga kogi wando a jiƙe, baki har kunne. Ranar da zai koma gida ya bar mata ɗan ƙarfen da almakashinsa. Shekara talatin da takwas ke nan, kuma har yau ƙarfen na nan a ɗaure a gefen teburin girkinta, tsakanin gishiri da tukunyar mate, shayin ganyen nan da muke sha a ƙoƙo.

Mijinta Nicanor mai askin tumaki ne, dogo, shiru-shiru. Kalma goma yake yi a mako, bakwai daga ciki da dokinsa yake yin su. Tun da suka yi aure aiki ya rabu biyu. Ita ta ɗaura ƙwari, shi ya zuba a gwangwanin alewa, ya hau doki ya kai wa masu raka baƙi kogi. Shi ne kuma mai gwada kowane sabon ƙwaro a ruwa. Ga abin da mutane ba sa yarda in na faɗa, alhali a nan kam gaskiya nake faɗi: matar da ta ɗaure ƙwarin da suka fi tumakin lardinmu na Neuquén yawa ba ta taɓa riƙe sandar kamun kifi ba. Tana yarinya aka ce ba aikin mata ba ne. Da ta girma, 'ya'ya huɗu da kaji da ƙarfen nan suka cinye lokacin. Kogi a wurinta wurin wanke ulu ne. Ƙwarin gaske kuwa a kwalba ake kawo mata su ta duba ta kwaikwaya.

Kowane wata da abincinsa. A Disamba, lokacin da ƙanƙarar duwatsu ke narkewa kogi ya cika ya yi fushi, manyan baƙaƙe take ɗaurawa, masu kamar ɓera ya faɗa ruwa. Amma in Fabrairu ya raba, zafi ya tsufa, ruwa ya janye har duwatsun da ba ka taɓa gani ba su fito shan rana, to a lokacin ne kifi ke zama malami. Ruwan garau, yana hangen ka tun kana ɗaura takalmi a gida. Ba ya cin babba, ba ya cin mai ƙyalli. In iska ta taso da rana ta kaɗo fara daga ciyawa, a ba shi fara. In ta kwanta, a ba shi tururuwa. Sannan ga sarauniyarsu duka, tsutsar sawse.

Duk wanda ya taɓa zama a inuwar itacen sawse a ƙarshen Fabrairu ya san ta, don ko dai ta faɗa masa a mate ko a wuyan riga. 'Yar koriya ce shar, ba ta kai gaɓar ƙaramin yatsa ba. Kwana goma zuwa sha biyar take yi tana zubowa daga rassa cikin ruwa, kuma in turuca ya ɗanɗana ta, ko gasasshen ɗan akuya ka jefa masa ba zai kalla ba. Clorinda da ulu take yin tata, ulun da ta rina da kanta da saiwar itacen michay da ɗan shuɗin kanti. Kuma tana da kirari ɗaya da duk mai rakiya daga nan har Bariloche ya haddace: "Tsutsata ba ta son mai." Ƙwarin sauran mutane sai an shafa musu mai daga 'yar kwalba kafin su tsaya a saman ruwa. Nata kuwa da kansu suke tsayawa kamar ƙoƙo. Wani baƙo ya taɓa fito da kwalbarsa a gabanta, ta ƙwace gwangwaninta ta raka shi har mota da tsintsiya.

To, a bana, cikin Janairu, doki ya zame a kan duwatsu ya faɗi da Nicanor, ƙafa ta karye, aka ɗaure ta da farar ƙasar asibiti tun daga yatsu har cinya, aka kwantar da shi a gida. Kai kaya ya dawo wuyana, ni da akori-kurata wadda ba ta tashi sai an roƙe ta. Ranar da tsutsar farko ta faɗo na je ɗaukar gwangwanin Lisandro, wani mai rakiya da ya gaji sayen ƙwarin Clorinda daga ubansa. Ina fita sai na ji Nicanor daga ɗaki.

"Eulogio. Kawo gwangwanin in gani."

Na ce, "Me za ka gani, tsoho? Tsutsa ce, ba ta sake kama ba. Na bar mota a kunne, in ta mutu sai gobe."

"Kawo mana."

Na yi gaba abina.

Kwana huɗu bayan haka ina zaune a gidan ina taya su cin soyayyiyar gurasa, sai ga Lisandro. Ƙato ne, gemu har ƙirji, mutumin da ke tuƙa kwalekwale a ruwan da doki ba ya shiga. Amma ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu kamar wanda ya fasa tulu. Ya ajiye gwangwanin a tebur a hankali.

"Doña Clorinda, ina yini. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Mene ne wannan?"

"Wato… ba sa ci."

"Su wa?"

"Kifin, Doña."

"To ka kai su asibiti mana."

Bai yi dariya ba. Ya ce kwana uku yana ƙarƙashin sawse da baƙi biyu, kifi na cin tsutsar gaske a gaban idonsu, amma in an jefa tata sai su kauce. Ya faɗi haka yana kallon takalminsa, ya ƙi shan mate, ya fita da baya da baya.

A shekara talatin da takwas ba a taɓa dawo mata da ko ƙwaro ɗaya ba. Na buɗe baki zan yi tsiyata, na ga fuskarta, na mayar da tsiyar ciki. Ta zube tsutsotsin a tafin hannu ta kai su taga, ta matso da su, ta nisanta su, ta cire tabarau ta mayar.

"Idona ne," ta ce. "Haka Mama ta yi. Ta rina bargo ja tana rantsuwa ruwan ƙasa ne, ba wanda ya iya gaya mata. Ni ba zan zama abin tausayi ba, ana saye don kunya ana zubarwa a hanya. Eulogio, ranar Lahadi ka zo da abin kwance ƙusa. Za a cire ƙarfen nan, a ba wa mai ido."

"Haba, 'yar kawu, don wani mai gemu ya kasa jifa?"

"Lisandro bai taɓa kasa jifa ba. Lahadi na ce."

Ranar Alhamis ce. Gidan ya yi tsit, har kaji suka shiga taitayinsu. Can sai muryar Nicanor daga ɗaki.

"Tsohuwa."

"Me kake so?"

"Je ki gani da idonki. Ga sandata a bayan ƙofa. Gurbin da ke gefen shingen tumakin gidan Curruhuinca. Can za ku."

"Ni da kamun kifi? Da tsufana?"

"Can za ku," ya sake cewa, ya juya fuska bango.

Ranar Juma'a na kai ta Junín ta yanki takardar izinin kamun kifi. Yarinyar da ke rubutawa ta ce, "Ta Don Nicanor ce?" Clorinda ta ce, "Tawa ce, rubuta da manyan baƙi." Asabar da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, muka sauka kogi. Ta sa wandon robar mijinta, wanda ya kai mata har hammata ya yi saura, sai da muka ɗaure da igiya. Na ce mata in ta ɓace a ciki ta yi kira, zan aiko da mai nema.

Ban taɓa ganin Malleo ya rame kamar bana ba. Akwai inda kifi ke bin layi don su jiƙa bayansu. Na ga agwagwa ta tsallaka ba ta jiƙa gwiwa ba. Inda ruwa ke gudu a kan tsakuwa da, yanzu tafiya yake kamar mai ciwon baya. Amma gurbin da Nicanor ya faɗa yana nan da zurfinsa, sawse sun sunkuyo a kansa, inuwa baƙa ƙirin. Muna leƙawa muka gan su, turuca biyar a jere dab da saman ruwa, kamar masu jiran a buɗe gidan burodi.

Na ce, "Matsa gefe, ki ga yadda maza ke yi." Na ɗaura tawa farar, wadda na saya a wani kanti, mai girman ɗan tsako da ƙafafun roba. Na wurga. Ta faɗa tsakiyar gurbin, fanjam! Kafin ruwan ya daina rawa babu kifi ko ɗaya. Ina jin na ƙarshensu sai da ya kai teku kafin ya tsaya.

"Sannu, namiji," in ji Clorinda. "Da ka jefa musu akori-kurar gaba ɗaya mana."

"Iska nake jira. Fara sai da iska."

"Ganye ɗaya ba ya motsi, kai kaɗai ne iskar da ke wurin nan. Zauna ka dafa ruwa, kada ka ƙara taɓa sanda."

Muka koma baya muka zauna, ƙoƙon mate na kai da kawo tsakaninmu. Sai da muka shanye rabin buta kafin kifin suka yafe mana suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Clorinda ta kwanta rub da ciki ta ja jiki har gindin itacen, kamar kyanwa. Na bi ta. Wata 'yar iska ta taɓa rassa, tsutsa uku suka faɗo, ɗis, ɗis, ɗis. Suka tsaya a fatar ruwa a lanƙwashe, suna tafiya a hankali. Wani kifi ya ɗago baki ya tsotse ɗaya, ba hanzari, kamar mai shan miya.

Ta tsinko tsutsa ɗaya daga ganye ta ajiye a bayan hannunta, ta ajiye tata kusa da ita.

"Ɗan gwaggo," ta raɗa, "yau ɗaya a rayuwarka faɗi gaskiya. Launinsu ɗaya?"

Na duba da kyau. "Ko uwar tsutsar ba za ta bambance ba."

"Rantse."

"Na rantse da kabarin kawu."

"To me suke ƙi?"

Ba ta iya jifa ba, kuma a ƙarƙashin rassan nan ko gwani ma sai ya rataye ƙugiyarsa. Sai ta yi abin da hankalinta ya ba ta. Ta zura kan sandar ta tsakanin ganye, ta saki siririn zaren a hankali har tsutsar ta taɓa ruwa, ɗis, daidai gaban babban cikinsu. Ya ɗago. Ya matso. Tsutsar ta zauna a sama na ƙiftawar ido biyu, sai ta yi duhu, ta sha ruwa, ta yi ƙasa. Kifin ya kauce mata kamar yadda ake kauce wa mashayi a kasuwa, ya koma yana kallon sama.

Clorinda ta bi ta da kallo har ƙasan ruwa.

"Ta nutse," ta ce.

"Wataƙila wannan ɗayar ce mai nauyin jini."

Ta ja da baya, ta ɗebo ruwa a murfin buta, ta jefa wata. Ta nutse. Wata kuma. Ta nutse. Bakwai ta gwada, bakwai suka kwanta a ƙasan murfin kamar shinkafa.

"Shekara talatin da wani abu ina cika baki," ta ce. "Har mutum na kora da tsintsiya. Ina kwalbar manka?"

Na shafa aljihu, na tuna na ƙarar da shi a ƙofar mota da ke kuka. Na gaya mata. Ba ta ko zage ni ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta tashi da wandon nan yana ƙugi, ta je ta zauna a gindin shingen tumaki ta ba ni baya.

Duk wadda ta tashi a gidan masaƙa ba ta iya ganin gashin tunkiya a maƙale a waya mai ƙaya ta ƙyale shi. Hannunta da kansa ya kai, ya tsinko wani ɗan curi, ya kama murzawa, ita kuwa idonta na kan kogi. Tana murzawa, tana murzawa. Can ta dubi yatsunta, suna ƙyalli. Ta kai hanci. Ta tsoma su a murfin butar ta ɗago, ruwan ya taru ƙwaya-ƙwaya ya gangare bai kama fata ba.

"Eulogio. Kafin a rina ulu me ake yi masa?"

"Ni na sani? Gaisuwa?"

"Wanke shi ake yi, sakarai. Sau uku, da ruwan zafi da sabulu, sai maiƙon ya fita tas, in ba haka ba ba ya kama rini. Shi ya sa bargon makiyayi da ba a rina ba ruwan sama ba ya ratsa shi, rinanne kuwa ya sha ya yi nauyi. Tun ina shekara bakwai na san wannan." Ta miƙe tsaye a hankali. "Ulun da na rina dole ya nutse. Bana da bara da shekarar da aka haifi Lisandro, dole ya nutse. To wa ke mayar masa da maiƙon?"

Muka kalli juna.

"Duk gwangwanin da ya dawo min fanko warin tunkiya yake yi," ta ce. "Ni kuwa ina cewa warin mijina ne." Sai ta juya wajen gida, wanda ke da tafiyar awa guda, ta buɗe murya: "Nicanooor!"

Tsuntsaye suka tashi daga itatuwa har tsallaken kogi. Kifin ma suka sake watsewa, na ce mata yanzu mun yi kunnen doki. Tana dariya tana share ido da bayan hannu tana zagin tsohon, duk a lokaci ɗaya.

Rana ta riga ta ɗaga. Na tsoma gwiwar hannu a ruwa na ji ya fara sakin sanyinsa. A irin wannan wata, in ruwa ya yi ɗumi da tsakar rana ajiye sanda ake yi, don kifin da ka gajiyar ka saka ba ya farfaɗowa. Na ce mata saura mana kamar shan buta ɗaya. Ta ɗauki sabuwar tsutsa, ta murza ta cikin curin gashin nan har ta yi sheƙi, ta jefa a murfi. Ta tsaya a sama tana juyi. Ta danna ta da yatsa, ta sake tasowa.

Muka sake jira. Muka sake jan ciki. Huɗu suka dawo, babban na gaba. Ta zura sanda. Ɗis.

Tsutsar ta tafi taku ɗaya, taku biyu. Bakin ya fito, fari a ciki, ya rufe.

"Ɗaga!" na yi ihu.

Ta ɗaga, sanda ta lanƙwashe, ruwan ya fashe. Kifin ya yi tsalle har sai da ya gaisa da reshe, ya nufi ƙasan gurbi, igiya na kuka. Clorinda ta miƙe, wando ya zame, ta riƙe shi da hannu ɗaya, sanda a ɗaya.

"Yana ja! Eulogio, yana ja!"

"To da me kike so ya yi, ya rubuto miki takarda? Sake masa igiya!"

"Zai tafi da tsutsata!"

"Kina da dubu a gida! Sake!"

Ta bi shi a bakin ruwa tana tuntuɓe tana yi masa magana kamar yadda take yi wa kajinta: "Zo nan, ɗan albarka, zo, ba cin ka zan yi ba." Ni kuma na shiga da koma, na taka wani dutse mai santsi, na zauna a ruwa har wuya. Daga zaunen na tara komar, Allah ya taimake ni kifin ya shiga da kansa, ina jin tausayina ya ji.

Girman kifin nan, da muka ɗago shi sai da kogi ya ragu da taƙi guda. Clorinda ta ce in rubuta gaskiya, tsawonsa daga gwiwar hannunta zuwa kan yatsa ne, kuma kun ji irin tsawonta. To na rubuta, kowa ya zaɓi wadda ta yi masa. Ruwan zinariya ne, da ɗigo-ɗigo ja. Ta jiƙa hannu ta zare ƙugiyar, ta riƙe shi a ruwa fuskarsa na kallon inda ruwa ke fitowa, kamar yadda na nuna mata, har ya buga wutsiya ya zame daga yatsunta. Ta tsaya tana kallon tafin hannunta.

"Ashe haka abin yake," ta ce. "Shekara talatin da takwas ina dafa abincin da ban taɓa ganin ana ci ba."

Da muka isa gida Nicanor na kwance ya rufe ido, barcin ƙarya, har da minshari. Ta tsaya a kansa da wandon roba yana ɗiga a daɓe. Ta jefa masa curin gashin a ƙirji.

"Tashi, munafuki. Tun yaushe?"

Ya buɗe ido ɗaya. "Ya ci?"

"Ni ke tambaya. Tun yaushe?"

"Tun ta farko."

Ya ce shekarar da suka yi aure ta ba shi tsutsar farko ya gwada, ta nutse. Ya dawo zai gaya mata, ya tarar tana da cikin ɗansu na fari tana waƙa a gaban ƙarfen, ta riga ta ɗaure hamsin. Sai ya koma, ya murza ɗaya a fatar tunkiyar da ke kan sirdinsa, ta tsaya, kifi ya ci. Tun daga ranar, duk tafiyar kai kaya sai ya sauka a gindin wani itace a hanya, ya zauna ya murza su ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗaya bayan ɗaya? Shekara talatin da biyu?"

"Doki na hutawa."

"Me ya hana ka buɗe baki, kai da ba kurma ba?"

Ya kalli rufi. "Da fari tsoro. Kin ce ba ta son mai. Daga baya kuma…" Ya murza gashin a yatsunsa. "Ina jin daɗi. In suna yabon ki, na san akwai ɗan yatsana a ciki."

Taubashiyata ta dube shi sama da ƙasa. Ta juya ta fita, muka ji tana buga tukwane ba dalili. Ta dawo da gwangwanin Lisandro ta juye shi kaf a kan bargon mijinta, ta ɗora masa fatar sirdin.

"Ga aikinka nan. Daga yau a fili za ka yi shi, ina kallo."

"Lahadi fa?" na ce. "In zo da abin kwance ƙusar?"

"Zo da shi, in ɗaure maka bakinka."

Da yamma ta aika aka kira Lisandro. Ya zo yana raɓe-raɓe. Ta zaunar da shi, ta cika masa mate da hannunta, ta ce, "Ka ga tana nutsewa?"

"Na gani, Doña."

"Ka yi shiru?"

"Doña, ina nan ranar tsintsiya. Ina ɗan shekara goma sha biyu, har yau ina mafarkinta."

Ta yi dariya har da buga tebur. Ta miƙa masa gwangwanin, yana warin tunkiya. "Ka gaya wa kowa, daga nan har Bariloche, ni na ce. Tsutsar Clorinda tana nutsewa. Ta Clorinda da Nicanor ce ba ta nutsewa. In ka haɗu da mutumin tsintsiya, ka ce ya zo ya sha mate, ina da magana da shi."

Kwana shida suka rage wa tsutsa a bana, kuma Lisandro ya ce a kwana shidan nan baƙinsa sun kama kifi har hannuwansu suka yi ciwo. Masu rakiya dai yanzu suna da sabon kuka, wai kayansu na makara. Dalili kuwa, Clorinda ta daina ɗauri da safe. Sai bayan rana ta take, ruwa ya yi ɗumi, sannan take zama gaban ƙarfenta, Nicanor a kujera kusa da ita ƙafa a miƙe, tana miƙo masa yana murzawa. Safiya ta kogi ce. Tsutsa ta wuce, yanzu tururuwa ake ci, ta ce sai ta gani da idonta ko tata tururuwar ma wani ke rufa mata asiri.

Yau ma ina cikin rubuta wannan, ko karin kumallo ban gama ba, na jiyo ta daga bakin hanya, da wandon nan a ɗaure da igiya.

"Eulogio! Fito ka roƙi motar nan taka ta tashi, ruwa zai yi ɗumi!"

"Ina rubuta tarihinki ne, 'yar kawu!"

"Ƙaryar za ta jira ka. Kifi ba ya jira. Kuma ka bar ɗan tsakon nan naka a gida!"